Yadda Kishimi Ya Ke Tsufa a Dajin Gobir

Kowa ya san sunan barewa. Ko yaron da bai taɓa fita bayan gari ba ya ji ana cewa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma waɗanda suka gan ta da idonsu a daji ba su da yawa yanzu, waɗanda suka ga babban namijinta kuwa sun fi ƙaranci. Namijin barewa shi a ke kira kishimi. Cikin wannan darasi za mu duba yadda ya ke girma, da yadda ya ke koyon tsoro, har ya tsere wa maharba ya kai ga tsufa. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Sabon Birni da Isa, can gabas da Sakkwato, kusa da kan iyakar Nijar.

Dajin Gundumi

In ka tashi daga Isa ka nufi yamma, ka bar Gulbin Bunsuru a bayanka, ba za ka yi nisa ba sai ka shiga dajin Gundumi. Ƙasa ce ta yashi da tsakuwa, mai sabara da geza da aduwa da magarya, ruwa kuwa ya yi wuya da rani. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka daɗe ana yaƙi tsakanin Gobirawa da mutanen Sakkwato. Don haka ba mai iya kafa gida ko yanka gona a tsakiyar dajin nan, gama mahara na ratsa shi kullum. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya ƙetare shi a 1824. Wani kuma, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta ciki a 1853, ya yi kamar sa'a 26 yana tafiya ba zango, don tsoron mahara da rashin ruwa, kāna ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu.

To, abin da ya zama wahala ga mutane ya zama hutu ga namun daji. Inda mutum ba ya iya kwana, nan dabba ta ke haihuwa cikin kwanciyar rai. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, yaƙi ya ƙare, mutane suka yi ta fita daga birane masu ganuwa suna sāran daji, suna kafa tunga. Gonaki suka yaɗu, shanu da awaki suka ƙaru. Manyan namun daji, irin su gwanki da raƙumin dawa, su suka fara ɓacewa. Masu iya jimrewa su ne ƙanana masu wayo, watau barewa da gada da zomo.

Kamannin barewa

Barewar ƙasarmu ja ce, cikinta fari, da wani siririn baƙin zane a haƙarƙari tsakanin jan da farin. Goshinta ja wur, bakin wutsiyarta baƙi. Tsayinta a kafaɗa ya ɗara ƙafa 2 kaɗan, nauyinta daga kilo 20 zuwa 35. Namiji da mace duka suna da ƙaho, sai dai na macen siriri ne, na kishimi kuwa mai kauri ne, mai gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba, ya kan kai inci 9 zuwa 15. Ba su taruwa da yawa. Galibi biyu ne ko uku, ko biyar, wani lokaci ɗaya tak.

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Amurka, akwai waɗansu 'yan'uwanta na nesa masu ƙaho mai rassa kamar itace. Waɗannan su kan zubar da ƙahonsu kowace shekara, wani ya tsiro. Barewa ba ta yin haka. Ƙahon da ta fara da shi, da shi za ta mutu, in ya karye wurin faɗa haka zai zauna. Mun ambaci waɗannan dabbobi ne don za mu koma kansu, gama masana sun fi bincika halinsu.

Darasin farko: kwanciya

Barewa ta kan yi wata 6 da ciki, ta haifi ɗa guda. Karin maganar nan gaskiya ce, ɗan ya kan miƙe a ranar da aka haife shi. Amma abin da ya fara cetonsa kwanciya ce, gudu sai daga baya. Uwar ta kan bar shi cikin ciyawa ko gindin sabara, ta tafi kiwo nesa kaɗan, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Shi kuwa sai ya lafe, ya shimfiɗa wuya a ƙasa, ya kwantar da kunne. Launinsa ya yi daidai da busasshiyar ciyawa, warin jikinsa kuma kaɗan ne, gama uwar tana lashe shi tas. Dila ya kan wuce kusa da shi bai sani ba, gaggafa ta gilma a sama ba ta gan shi ba.

Nan ne yara masu kiwo su ke yin kuskure. Su kan tsinci ɗan barewa a kwance shi kaɗai, su ce uwarsa ta yashe shi, su kai shi gida. Alhali uwar tana nan tsaye bayan wani kurmi tana kallo. Da yawa daga waɗanda a ke kaiwa gida ba su rayuwa. Wanda ya rayu kuwa ya saba da mutane, in ya koma daji ba ya kwana biyu, don ba ya gudun mai baka.

Bayan 'yan makonni sai ya fara bin uwarsa. Daga nan makaranta ta buɗe. In ta ɗaga kai, ya ɗaga. In ta buga ƙafa ta yi tsaki da hanci, ya san akwai abu. In zabin daji suka tashi da kuka, ko zakaran ƙeƙuwa ya yi ƙara a bakin fadama, ya ga uwarsa ta daina kiwo, shi ma ya daina. Ba a haife shi da sanin mutum ba. A wurin uwarsa ya ke ganin cewa abu mai tafiya da ƙafa biyu ya fi kura haɗari.

Kayan tsaronsa

Ka duba idon akuya. Baƙin da ke tsakiya a kwance ya ke, ba kamar namu ba, idanun kuma suna gefen kai. Haka na barewa ya ke. Saboda wannan tana ganin gabanta da gefenta da wani sashi na bayanta gaba ɗaya, ba sai ta waiwaya ba. Ko ta sunkuya tana kiwo, idon ya kan juya cikin gurbinsa, baƙin ya zauna daidai da shimfiɗar ƙasa. Ba ta rarrabe launi kamar mutum, amma ko ɗan motsi ba ya wuce ta. Maharbin da ya tsaya cik kamar kututture ta kan dube shi ta ci gaba da kiwo. Da ya motsa hannu, shi ke nan.

Kunnuwanta kowanne yana juyawa shi kaɗai. Hancinta kuwa shi ne babban mai tsaron ƙofa. Ido ya kan ruɗe, kunne ya kan yi shakka, amma in iska ta kawo mata warin mutum ba ta tsayawa bincike. Cikinta ma yana taimakonta. Ita mai tuƙa ce, kamar saniya. Ta kan ci da sauri a fili da asuba da maraice, sa'an nan ta koma inuwa inda ba a ganinta, ta kwanta tana tuƙa a hankali. Kuma tana samun ruwa mai yawa daga ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, don haka ba dole ne ta je bakin gulbi kullum ba, inda a ke yi mata kwanto.

Shekarar ganganci

Duk abin da muka faɗi, mace da namiji sun yi tarayya a ciki. Daga nan hanyarsu ta rabu. Macen ta kan zauna kusa da uwarta, a dajin da ta sani. Namiji kuwa, da ƙahonsa ya fara tsawo, sai babban kishimin da ke riƙe da wurin ya kore shi. Sai ya fita yawo, ko shi kaɗai, ko tare da waɗansu samari irinsa. Wuri mai kyau duk yana da mai shi, saboda haka a gefe su ke zama, kusa da gonaki da hanyoyi, inda ba su san mafaka ba. Ga su da son ganin ƙwaƙwaf. Saurayin barewa ya kan yi gudu kaɗan, sa'an nan ya tsaya ya juyo don ya ga abin da ya kore shi. Wannan tsayawa ita maharbi ya ke jira. A wannan shekara ne maza da yawa su ke halaka.

Dabarun maharba

Maharban Hausa sun daɗe da sanin halin barewa. Mafi ban mamaki cikin dabarunsu ita ce burtu. Burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa yana tsintar fāra da ƙadangaru, namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Sai maharbi ya sami kan burtu, ko ya sassaƙa irinsa da itace, ya ɗaura a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu na cin abinci. Da haka ya ke matsawa har kibiya ta iya kaiwa. Kibiyar kuwa an shafe ta da dafin kwankwani. Dabarar tana cin ido, amma ba ta cin hanci. Dole maharbi ya sa iska ta riƙa busowa daga wajen dabbar zuwa wajensa. In ta juya, aikin yini ya lalace.

Akwai kuma farauta ta jama'a, da rani bayan an kwashe amfanin gona. Ƙauyuka su kan haɗu da karnuka da sanduna da gariyo, da kiɗa, su kewaye daji. A ƙasar Gobir da Maraɗi, Azna suna da al'adar buɗin daji, wadda a ke yi kāfin a shiga babbar farautar shekara. Ko me mutum zai ce game da al'adar, ta yi wa namun daji amfani guda: akwai watannin da a ke barinsu su huta. Da damina kuma kowa yana gona, ciyawa ta yi tsawo, ba a ganin nesa.

Barewar da ta tsira daga irin wannan rana ba ta mantawa. Wadda kibiya ta kuskure, ko kare ya bi ta bai cim mata ba, ta sami karatun da uwarta ba ta iya ba ta.

Tarkon da ya ke kafa wa kansa

Yanzu mun zo wurin da ya fi wuya. In saurayin nan ya rayu ya ƙasaita, sai ya nemi nasa fili. Ba ya samun mata sai yana da fili. Ya kan yi wa filin alama ta hanya biyu. Akwai wani ɗan rami ƙarƙashin idonsa mai fitar da baƙin maiƙo, ya kan shafa shi a kan tsinken ciyawa da ƙaya. Kuma ya kan zaɓi waɗansu wurare inda ya ke kāshi kullum, har ya taru tuli. Kowane namiji ya zo ya sansana ya san wurin nan da mai shi.

To, ka ga damuwar. Alamar da ya ajiye don abokin gābarsa, maharbi ma ya iya karanta ta. In ya ga tulin sabo, da sawu a kewaye, ya san mai shi zai dawo, sai ya nemi gindin itace ya zauna. Kuma kishimi mai fili dole ya tsaya inda za a gan shi, ya kori wannan, ya bi waccan, ya yi karo da wancan. Hankalinsa ya rabu, cin abincinsa ya ragu. In an kore shi ma ba ya son yin nisa, sai ya kewayo ya dawo, don kada wani ya gaje wurin. A ƙasashen sanyi babban namiji ya kan zubar da kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa a lokacin barbara.

An auna wannan a dajin Serengeti na Tanzaniya, wajen 1990, a kan wata barewa mai kama da tamu ƙwarai. Aka ga rabbi, watau wata siririyar dabba mai kama da damisa wadda ta fi kowace dabba gudu, ya fi kama maza bisa mata. Dalili kuwa, maza sun fi zama a gefen garke, nesa da juna, kuma ba su ɗaga kai su duba kamar yadda mata su ke yi. A can ne kuma aka bincika wani tsalle da barewa ta ke yi, ta daka sama da ƙafafu huɗu a miƙe sa'ad da kyarkeci ya biyo ta. Aka ga kyarketai sun fi bin wadda ba ta iya yin tsallen sosai. Watau kamar tana gaya musu ne, ku dubi ƙarfina, kada ku ɓata gudunku.

Gādo ne ko koyo?

Mutane su kan yi gardama, wai wayon tsohon kishimi da shi aka haife shi, ko kuwa duniya ce ta koya masa. Masana sun sami hanyar dubawa. Su kan kama dabba su sa mata wani abin wuya mai na'ura, wanda ke nuna inda ta ke dare da rana ta hanyar tauraron ɗan'adam.

A lardin Alberta na Kanada an sa wa manyan dabbobin nan masu ƙaho mai rassa fiye da 100 irin wannan abin wuya, aka bayyana abin da aka gani a 2012. Tun kāfin lokacin farauta halinsu ya bambanta. Waɗansu masu yawan tafiya ne, masu son fili. Waɗansu masu ɓuya ne, ba su cika motsi ba. Da aka buɗe farauta, masu son fili aka fi harbewa. Wannan tankaɗe da rairaya ne: an cire masu ganganci, masu tsoro suka saura. A 2017 aka ƙara bayyana cewa matan suna ƙara wayo kowace shekara. Suna rage yawo, suna shiga wurare masu duwatsu da sarƙaƙiya in suna kusa da hanya, har wadda ta kai shekara 9 ko 10 da ƙyar maharbi ya ke samunta. Mazan kuwa ba su cika daɗewa har su sami wannan karatu ba, gama su a ke nema saboda ƙaho.

A ƙasar Norwe kuma, a 2015, aka nuna cewa mazan da suka bar wurin kiwo mai kyau suka shige kurmi cikin 'yan kwanakin farko na farauta, su suka fi tsira, ko da ya ke abincin kurmin bai kai na waje ba. Waɗanda suka zauna inda su ke, aka harbe su. Ashe amsar gardamar ita ce duka biyu. Kuma tsoro yana da tsada, gama mai ɓuya ya kan kwana da yunwa.

Da wannan za ka gane halin tsohon kishimi a dajin da a ke yawan farauta. Ba ya fitowa fili da rana tsaka. Ya kan mai da kiwonsa dare da duku-duku. Ya kan kwanta inda iska ke kawo masa labarin bayansa, idonsa kuwa na duban gabansa. In ya ji mutane, wani lokaci ba ya tashi ma, sai ya lafe kamar yadda ya yi yana jariri, su wuce, sa'an nan ya sulale ta baya. In ya tashi kuwa ba ya tsayawa waiwaye. Ba shi kaɗai ya koma dare ba. A 2018 masana suka tara bincike 76 a kan dabbobi iri 62 daga ƙasashe dabam-dabam, suka ga inda mutane suka matsa, dabbobi suna mai da harkarsu dare. A dajin Kruger na Afirka ta Kudu kuma, a 2023, aka sa na'ura a bakin ruwa tana fitar da murya iri-iri. Gudun da dabbobi suka yi da jin mutane na hira ya ninka wanda suka yi da jin gurnanin zaki.

Inda wayo ba ya aiki

Duk wayon nan an gina shi ne don maharbi mai tafiya a ƙasa, mai kibiya ɗaya ko adaka mai ɗuri ɗaya. Akwai abubuwan da suka fi ƙarfinsa. Fitilar da a ke ɗaurawa a goshi da dare ta kan sa idon barewa ya yi ƙyalli, ita kuwa ta tsaya ta rasa abin yi, ga shi dare ne ta mayar mafakarta. Mota da babur ba su gajiya, a fili su kan bi ta har numfashinta ya ƙare. Tarkon waya kuma ba ya zaɓe, ya kama tsoho, ya kama mai ciki. A ganinmu wannan ba farauta ba ce, kuma ba abin da maharbi na gaske zai yi kirari da shi ba ne. An kafa dokar kiyaye namun daji a Nijeriya a 1916, aka yi wata ta Jihar Arewa a 1963, amma doka a takarda ba ta tsare daji sai da mai tsaro. Sa'an nan ga farin 1973 da na 1984, waɗanda suka tura makiyaya da dabbobinsu cikin sauran dajin da ya rage. Ƙungiyar duniya mai lissafin dabbobi ta sa jar barewa cikin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa.

Kada ka ce ba za ta ƙare ba. Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho kamar takobi, dā garke-garke ta ke yawo a arewacin Nijar. A 2000 aka shaida ba sauran ko ɗaya a daji. Sai daga waɗanda aka kiwata a waɗansu ƙasashe aka komo da su Cadi a 2016, da kuɗi mai yawa da wahala. Waɗanda aka sako kuwa ba su da uwar da ta san daji, sai da suka koyi kome daga farko.

Daga wajen 2019 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan Isa da Sabon Birni, suka kashe mutane da yawa, suka hana noma da kiwo a wurare masu yawa. Wani zai ce daji ya koma kamar zamanin Barth. Amma maharan wancan zamani wucewa su ke yi a kan dawaki, waɗannan kuwa suka zauna a ciki, da babura da bindigogi masu aman harsashi.

Mai son ganin barewa cikin hankalinta, wani wurin da zai iya zuwa shi ne Gadabeji, arewa da Maraɗi ta wajen Dakwaro. An keɓe dajin nan tun 1955, a 2018 kuma aka kai raƙuman dawa can. In ka je, ka fita da asuba, ka sa iska a fuskarka, ka tafi a hankali. Mata da 'ya'ya za ka fara gani. Ka nemi tulin kāshi a wani ɗan fili, ka duba tsinken ciyawa kusa da shi ko akwai baƙin maiƙo a kai. In akwai, mai wurin yana nan kusa, ya kuwa riga ya gan ka.